An hana Uwargida shiga gidan da ta fito

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in fitar da wani abu da ya tokare mini ƙirji tun watan jiya. Ni ba ma'abocin rubutu ba ne. Tsohon malamin gona ne, na ajiye aiki na dawo ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Taura, tsakanin Ringim da Gujungu, ina ɗan taɓa noman riɗi da shinkafa. In zancen ya yi tsawo a yi mini afuwa, tsoho in ya sami mai saurarensa mantawa yake da tashi.

Ina da mota, Fijo 504, doguwar nan mai layin kujera uku. A da fara ce sol, yanzu kuwa in aka tambaye ni launinta sai in ce launin hanyar garinmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, shi ya saye ta sabuwa dal a Kano a 1983, shekarar ƙarshe ta mulkin Shagari, da kuɗin fataucin fata da ƙiraga. Rasitin na nan a adakata tare da takardun gonaki, kuma kuɗin da ke rubuce a jikinsa yau ba zai zuba mata rabin tanki ba. Lokacin kwabo 20 ake sayar da litar fetur. A gida Uwargida ake ce mata. Matana ne suka raɗa mata sunan, don ta riga su duka biyun shigowa gidan, sannan a faɗarsu wai ita kaɗai ce in ta yi tari nake tashi tsaye in duba lafiyarta.

Ina ɗan shekara 21 na raka Baba ɗauko ta, ranar tana nan a idona kamar jiya. Ba zan ambaci sunan dillalin ba, don ba tonon silili ne ya sa na ɗauki biro ba. Mai wurin da kansa ya fito daga ofis ya riƙe hannun Baba, aka shimfiɗa darduma a inuwa, aka kawo lemo mai sanyi. Ya kira shugaban makanikansa ya ce kada a miƙa makulli sai an nuna wa yaron nan, wato ni, yadda ake duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki. Aka ba mu ɗan littafin sabis, duk zuwan da muka yi sai a buga masa hatimi. A gilashin baya suka manna takardar kamfaninsu, har yau tana nan, rana ta cinye rubutun saura inuwarsa. Duk ƙarshen shekara sai kalanda ta iso mana har ƙauye ta hannun direbobin tasha. Da Baba ya rasu a 1997, Alhajin nan ya taso tun daga Kano ya zo ta'aziyya, ya zauna a kan tabarma a ƙofar gidanmu ya sha fura da mu. Mota guda tak aka taɓa saya a hannunsa, ita ma shekara 14 kafin ranar.

Da aka zo rabon gado motar ta faɗo a kasona, don dama ni ke tuƙa ta. Abin da ta ɗauka a rayuwarta in na ce zan lissafa jaridar ba za ta ishe ni ba. Ta yi jigilar fata zuwa Kano tun muna ƙarƙashin Kanon, kafin Babangida ya yanke mana Jigawa a 1991. Ta kai amare ɗakunansu, ta raka alhazai filin jirgin Malam Aminu Kano, ta dawo da gawa daga asibiti a lulluɓe muna ta salati. Mata masu naƙuda da ta kai asibitin Ringim da na Jahun cikin dare kuwa, ungozomar garinmu ma ta daina ƙirgawa. Akwai wani saurayi da ke koyarwa a firamaren garinmu yanzu, a kujerar tsakiyarta ya faɗo duniya, dab da kwanar Gujungu, ina riƙe da tocila na juya baya. Har yau in ya gan ta sai ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, ina gai da Inna." Kada a tambaye ni kilomita nawa ta yi, mitar ta daina juyawa tun zamanin Abacha.

Masu cewa sa'a ce kawai ba su san motar ba. Injinta ba shi da wani ɓoyayyen abu. Kafireta ce da distiribita da filogi huɗu, duk ciwon da ya kama ta ido na gani, kunne na ji. Silindojinta masu silif ne da ake zarewa, in sun cinye sai a zare tsofaffin a zura sababbi da fistin da zobba, injin ya dawo yaro ɗanye. Sau uku aka yi mata haka a gindin wata darbejiya a Ringim, da kaca da ƙarafa uku aka ɗaga injin. Tayoyin baya ne ke tura ta, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, sifirin bibbiyu gare ta kowane gefe a baya. Wanda ya san rairayin jigayinmu da rani da taɓon fadamarmu da damina shi zai gane abin da nake nufi. A ambaliyar 2022, da ruwa ya cinye mana gonaki ya yanyanke hanyoyi, ɗan ƙanwata ya zo dubiya daga birni da wata lafiyayyar mota mai sheƙi. Ruwa ya ɗan shige ta, ta mutu murus a tsakiyar hanya. Bakanike uku suka leƙa suka ɗaga hannu, suka ce kwamfutarta ce, sai an ɗauko mai na'ura daga Kano ko Dutse. Uwargida ce ta jawo ta da igiyar ɗaure sa har bakin kwalta. Ita ma ta sha ruwan, amma da aka buɗe hular distiribita aka goge da gefen riga, bugu biyu ta tashi.

To ga abin da ya kai ni gidan dillali. Kafin kaka mastan birkinta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, ya fara sanyi, kana taka shi yana tafiya. Na ba wani direban tasha saƙo ya sayo mini sabo a kasuwa a Kano. Ya zo a kwali mai kyau, da tambari da rubutun Faransanci, mai shagon har ya rantse masa cewa gangariya ne. Aka ɗaura. Sati uku bayan nan na yi lodin riɗi buhu shida zan kai kasuwar Gujungu. Ina gangarowa wata 'yar gada sai ga kurar shanu ta ratso titi, yara uku a kai, babbansu bai fi shekara 10 ba. Na taka birki, ƙafata ta wuce har ƙasa kamar na taka kunu. Na yi ta famfo, babu. Na buga giya daga ta uku zuwa ta biyu, injin ya yi wani irin kuka, na fizgi hanbirki, na karya sitiyari na afka gonar waken wani bawan Allah. Da na fito na auna, taku huɗu ne tsakanina da ƙafar san. Yaran ma ba su san abin da ya faru ba, ƙaramin cikinsu har ɗago mini hannu yake yi. Ni kuwa na fi minti 20 a zaune a kan kunya, gwiwoyina sun ƙi ɗaukata.

Bakanikena ya kwance mastan a gabana. Robar ciki ta narke ta yi danƙo kamar alewa, cikin ƙarfen kuwa ka sa yatsa ka ji kaushi kamar dutsen niƙa. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan ba don mota aka yi shi ba, don kasuwa aka yi shi." Ya lalubo tsohon mastan da muka cire, ya lallaɓa shi ya mayar, ya ce in bi a hankali kafin a samu na kirki. A daren na kasa barci. Can na tuna da littafin sabis ɗin nan mai hatimi, na ce ai ni ma ina da gida a Kano. Ko da tsada, a can ne ba za a ba ni jabu ba.

Na yi sammako ranar Talata, na saka babbar rigata, na bi ta Ringim da Zakirai da Gezawa ina tafiyar hawainiya. Wurin na nan inda na san shi, sai dai Alhajin ya riga mu gidan gaskiya, na baya ne ke riƙe da shi, sun rushe tsohon ginin sun yi na gilashi, suna sayar da sababbin motoci iri-iri. Na sa kan mota a ƙofa sai maigadi ya taso yana ɗaga hannu.

"Baba, ina zuwa?"

Na ce ciki.

"Kaya ka kawo?"

Na ce a'a, ni mai hulɗa da gidan nan ne.

Ya kalli motar tun daga fitila har salansa, ya danne dariya. Ya ce, "Yi haƙuri Baba, Oga ya hana irin waɗannan shiga, mai suke ɗigarwa a ƙasa. Ajiye ta can gaba wajen mai shayi." Gaskiya ɗaya ce, tana ɗan ɗigarwa. Amma na leƙa na ga filin ajiye motoci fetal, mota uku ce kawai a ciki. Na ja ta na kai gindin mai shayi, na dawo da ƙafa da littafina a hannu.

A ciki sanyi kamar hunturun Janairu. Wata yarinya sa'ar 'yata ta uku ta ce in zauna, na zauna. Ina nan wani mai shadda ya shigo, sai ga mutum biyu sun taso da sauri, "Ranka ya daɗe, Yallaɓai, bismillah," aka kawo masa ruwan roba da shayi a faranti. Ni aka bar ni da kallon talabijin. Sai da na kusa awa guda wani saurayi mai ɗamarar wuya ya zo ya tsaya a kaina, bai zauna ba. Na gaya masa abin da nake nema. Ya ce in ba shi lambar shasi, na buɗe littafin na nuna masa. Ya danna a kwamfuta, ya sake dannawa, ya ce ba ta ciki. Na ce, "Ɗana, duba hatimin nan, na gidan nan ne. Ga sa hannun mai gidan." Ya juya littafin da yatsa biyu kamar wanda aka miƙa wa tsumma, ya kira abokin aikinsa ya ce zo ka ga abin tarihi. Suka yi dariya, ɗayan har ya ɗauki hoton shafin da wayarsa, ba tare da ya tambaye ni ba.

Sannan ya ce, "Baba, tsakani da Allah wannan motar ta ci kuɗinta. Ka kai wa 'yan gwangwan su auna su ba ka abin da ya samu, ka kawo mu ɗora maka a kan sabuwa. Muna da tsarin biya kaɗan-kaɗan." Ya miƙo mini wata takarda mai sheƙi. Na duba mafi araha a ciki, na yi lissafi a zuci, na ga in na tara fanshona na shekara 20 ban ci ban sha ba, ba zan kai ba. Na ce to in babu a nan, ina zan samu na gaske? Ya ɗaga kafaɗa ya ce su ba sa harkar tsofaffin kaya. Wayarsa ta yi ƙara, ya juya ya tafi. Ko sai an jima bai ce mini ba.

Na fito na iske wani dattijo tsaye a jikin motata, sanye da tsohuwar rigar aiki mai tambarin gidan, ya sunkuya yana ƙoƙarin karanta takardar nan ta gilashin baya. Muka gaisa. Ya ce, "Alhaji, wannan 'yar gida ce." Na ce ita ce, amma an ce ta tsaya a waje. Bai ce komai ba, sai ya shafa bonet ɗin da tafin hannu kamar mai shafa wuyan doki, ya ce in tayar masa da ita. Na tayar. Ya karkata kai ya rufe ido ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Tafet ɗaya ne ke ɗan magana, ina jin na silinda ta uku, a sa a ɗaure." Ashe tun yana yaron gareji yake gidan, watakila ma yana cikin waɗanda suka wanke ta ranar da muka ɗauke ta. Yanzu aikinsa wankin mota da canza taya, don an ce bai iya kwamfuta ba.

Mai shayi ya ba mu benci. Da na ba shi labarin birkin sai ya yi salati, ya ce da na zo shekarun baya da na samu. Akwai wani sito a bayan gidan, cike da kayan waɗannan motoci tun na zamanin marigayi, kowanne a naɗe a takardarsa mai maiƙo, ba a taɓa buɗewa ba. Da aka tashi sabon gini aka ce sun tare wuri, aka kira masu sayen ƙarfe, aka auna a kilo aka loda a mota. Ya ce da hannunsa ya yi lodin, yana yi yana jin kamar gawa yake ɗauka. Sannan ya ba ni shawarar da na biyo hanya tun daga Taura don in ji. Ya ce in rabu da sabo mai kwali, in nemi tsohon na asali da aka ciro daga wata motar, in haska cikinsa da tocila, in babu zane babu tsatsa kuma yana santsi kamar madubi, to in saya, in nemi roba mai kyau a sa masa. Ya ce in riƙe biyun a hannu in ji, na jabun yakan fi sauƙin nauyi. Na ciro ɗan abin da ke aljihuna zan ba shi, ya ture hannuna ya ce, "Haba Alhaji, ai kunya ta ishe ni." Ni na biya kuɗin shayin, shi ma da ƙyar ya bari.

Malam Edita, ban yi fushi don ba su da mastan birki ba. Ɗan kasuwa ba ya ajiye abin da ba ya tafiya, na san wannan. Abin da ya ƙona mini rai shi ne a idonsu ni ba mai hulɗa ba ne, ɓata lokaci ne, kuma laifina kawai shi ne abin da gidansu ya sayar mana ya ƙi mutuwa. In mutum ya sayar maka da abu ya yi shekara 40 yana aiki, ai kamata ya yi in ka zo ya tashi tsaye, ya kira yaransa ya ce ku zo ku ga irin kayan da muke sayarwa. Wane talla ne a rediyo ya kai wannan? Ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a ka ga yadda dillalin shanu yake. In ya haɗa ka da sa, la'adar da ya karɓa ba ta sallame shi ba. Ka dawo bayan wata uku ka ce san nan yana da tari, ko an zo an ce na sata ne, shi zai tsaya, don sunansa ne jarinsa. Ya san kai, ya san ubanka, yana sa ran ɗanka. Marigayi Alhajin nan irin wannan dillancin ya yi, a kan mota. Na yanzu su in ka fita da mota daga ƙofarsu, garanti ya ƙare, to kun yi hannun riga sai ranar da ka zo da kuɗin wata.

Kuma su sani, mu mutanen karkara muna lura. Me ya sa babur Boxer ya cika ƙauyukanmu? Ba don ya fi kowane babur kyau ba ne. Don duk ƙauyen da ka shiga akwai mai tebur da ke da kacarsa da filoginsa da takalmin birkinsa. Injin ban ruwa ma haka, manomin fadama ba ya tambayar wanne ya fi ƙarfi kafin ya tambayi wanne ake samun kayansa a Gujungu ko Hadeja. Ɗan ƙanwar nan tawa da na jawo a ruwa, ɗana da ke aiki a Dutse, malamin firamaren da aka haifa a kujerar tsakiya, su ne masu sayen mota gobe, kuma kafin su saya mu za su tambaya.

Yaran nan masu dariya ban ga laifinsu sosai ba, ba a ba su labari ba ne. Ba su san cewa motar da suka kira abin tarihi a nan Kaduna aka haɗa ta ba. A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, kamfanin Kaduna ya fara aiki a 1975 zamanin Gowon, ya ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Ke nan na ƙarshen da suka fito ba su wuce shekara 20 da 'yan kai ba, ba wasu kayan kakanni ba ne. A wancan zamani ana haɗa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, manyan motocin Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu. Gwamna da kwamishina da sakataren ƙaramar hukuma duk Fijo suke shiga. Da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo a 1986 naira ta fara zubewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma 'yan Kwatano da na Beljiyam. Golf da Sharon suka kori Fijo daga tasha. Yanzu su ma na hannun sun fi ƙarfinmu. To wanda yake da tsohuwa mai tafiya, riƙe ta ba taurin kai ba ne, kuma ba sabo turken wawa ba ne kamar yadda ɗana yake tsokanata. Lissafi ne.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Tana shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas. Zuwa Kano da dawowa sai ta lashe lita 25 ko fiye, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 na rage fita da ita, sai ranar kasuwa ko larura. Ba ta da sanyi sai na taga, ba ta da jakar iskan nan da ke tare mutum in an yi karo, ƙasan ƙofar baya ya ci tsatsa har kana hango titi. Na kuma san akwai tsofaffin motoci a tashoshinmu da makara ce kawai mai taya, an ɗaure ƙofa da igiya, tayoyi sun yi sanƙo, an danna mutum 12 da akuya. In jami'an kiyaye haɗurra sun tsare irin waɗannan ba zan ce sun yi zalunci ba. Amma a tambayi direbobin, da yawansu ba ƙin gyara suke yi ba. Sun saya, sun ɗaura, jabu ne. Ni da na yi karatu, na yi aikin gwamnati shekara 35, aka sayar mini da alewa a kwali, ina ga direban da ko sunansa ba ya iya karantawa? Duk ƙofar da dillalin gaskiya ya rufe wa mai tsohuwar mota, ƙofar mai jabu ya tura shi.

Roƙona ga masu manyan gidajen mota bai da yawa. Ban ce su ba mu kyauta ba, ban ce su cika sito da kayan 1983 ba. Su ware ko da kanta guda ce a gefe, su zaunar da dattijo irin wanda na gani, wanda ke gane ciwon inji da kunne, ya riƙa sauraren masu tsofaffin motoci. Abin da ake da shi a sayar, wanda babu a yi oda ko a ce je wurin wane, mun yarda da kayansa. Abubuwan da rai ya rataya a kansu, birki da sitiyari da ƙafa, su ne kan gaba. In za su share sito, su yi shela a rediyo mako guda kafin su kira masu kilo, su ga ko ba za mu cika musu ƙofa daga Hadeja da Gumel da Kazaure ba. Su kuma gaya wa masu gadinsu cewa ɗigon baƙin mai ana goge shi da ƙasa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuwa, ina roƙonta ta ƙara sa ido a kan kayan birki da ke shigowa kasuwanninmu, don ba kullum ake samun gonar wake a gefen hanya ba.

Daga wurin mai shayin na wuce Ƙofar Ruwa, kasuwar da ake sayar da kayan gyaran mota a Kano. Na yi yawo rumfa-rumfa har bayan la'asar, kowa na miƙo mini mai kwali ina mayar masa. A can ƙuryar wani layi na sami wani tsoho da ya sa yaronsa ya kifar da buhu guda na tarkacen ƙarfe a ƙasa, muka tsuguna muna tonawa mu uku. Na huɗun da muka ciro na haska shi da tocilar waya, cikinsa sumul. Ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama, ya kuma ce in bai yi ba in dawo masa da abinsa. An ɗaura shi yau kwana 19. Na koma gadar nan da buhu shida na gwada, ta tsaya cak. Na kai wa mai gonar wake kwano biyu na riɗi, ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah.

Na kuma gaya wa bakanikena maganar tafet. Ya yi tsaki ya ce shi da yake jin injin nan shekara 20 bai ji komai ba, wani zai ji a minti ɗaya a bakin titi. Na ce buɗe dai. Ya buɗe murfin ya auna ɗaya bayan ɗaya. Na silinda ta uku ne.

Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
Tsohon malamin gona,
daga ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa.